Zanen Wa Muke Kallo? Matsalar Sake Fitar da Zanen Saƙar Hulɗa Daga Bayanan Manajoji 21 na Krackhardt

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki wata matsala da ke cin ran masu nazarin saƙar hulɗa a wurin aiki: ga bayanai a hannu, ga manhaja a kwamfuta, amma zanen da ya fito ya ƙi yin kama da wanda aka buga a mujalla. An yi amfani da bayanan da David Krackhardt ya wallafa a 1987 kan manajoji 21 na wani kamfani a Amurka. Hujjar maƙalar ita ce, idan aka tambayi kowane ma'aikaci yadda yake ganin hulɗar kowa da kowa, amsoshin ba sa zuwa da zane guda a cikinsu. Sai mai bincike ya yanke hukuncin maganar wa zai ɗauka kafin zane ya samu. Wanda ke son maimaita zanen, wannan hukunci zai fara nemowa.

Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa koyar da nazarin saƙar hulɗa ya san wannan aikin gida. A ba ɗalibi tsohuwar maƙala mai ɗauke da zane, ɗige-ɗige a matsayin mutane da kibiyoyi a tsakaninsu, a ba shi bayanan da aka yi zanen da su, a ce ya sake fitar da shi. Aiki ne mai kyau, domin babu abin da ke tona ko mutum ya fahimci bincike kamar a ce ya bi sawunsa daga farko. Ɗalibi ya zuba bayanai, ya danna, zane ya fito. Ya ajiye shi gefen na mujalla, sai ya tarar kibiyoyinsa sun fi yawa ko sun gaza, wanda ke tsakiya a can ya koma gefe a nan. Abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne bayanan sun lalace, ko marubucin ya yi kuskure. Sau da yawa babu ko ɗaya a ciki. Tsakanin takardar tambayoyi da zanen da aka buga akwai shawarwari da dama da marubuci ya yanke, kuma ba kowace ake rubutawa a ƙarƙashin zane ba.

Inda irin waɗannan bayanai suka samo asali

Zana hulɗar mutane da ɗigo da layi tsohon abu ne. Jacob Moreno ya yi shi a littafinsa Who Shall Survive? na 1934, tare da Helen Hall Jennings, da bayanan 'yan mata na wata makarantar horo a Hudson ta jihar New York. A 1939 Roethlisberger da Dickson sun buga zane-zanen hulɗar ma'aikata 14 na wani ɗakin haɗa waya a masana'antar Hawthorne. A Afirka ma Bruce Kapferer ya bibiyi ma'aikatan wani kamfanin ɗinki a Kabwe ta Zambiya, ya buga sakamakon a 1972. A ayyukan biyu na ƙarshe mai bincike ne ya zauna ya ga hulɗar da idonsa. Amma yawancin masu bincike ba su da wannan lokaci, tambaya suke yi: da wa kake magana, wurin wa kake zuwa?

Daga 1976 zuwa farkon shekarun 1980 Russell Bernard da Peter Killworth, daga baya tare da Lee Sailer, suka girgiza wannan hanya. Sun gwada abin da mutane suka ce game da waɗanda suka yi magana da su da abin da aka ƙirga a zahiri, suka kammala cewa kusan rabin abin da ake gaya wa mai bincike ba daidai ba ne. A 1987 amsa biyu suka fito. Linton Freeman da Kimball Romney da Sue Freeman sun nuna cewa kuskuren tunawa ba na ganin dama ba ne, yana karkata ne zuwa ga abin da aka saba gani na tsawon lokaci. Krackhardt kuma, a mujallar Social Networks, ya bi ta wata ƙofar. A ganinsa abin da ke cikin kan ma'aikaci game da hulɗar ofishinsu abin nazari ne a kan kansa, ko ya dace da zahiri ko bai dace ba, tunda da shi mutum ke yanke shawarar wanda zai kai wa ƙorafi da wanda zai kauce wa.

Falle 21

Kamfanin da Krackhardt ya je ƙarami ne, yana gaɓar yammacin Amurka, yana ƙera na'urorin zamani, da ma'aikata kusan 100. Manajoji 21 ne: shugaba ɗaya, mataimaka huɗu, sauran 16. A bayanan an ba kowa lamba. Shugaba shi ne 7, mataimakansa 2 da 14 da 18 da 21.

Sabon abin da Krackhardt ya yi shi ne, bai tsaya ga tambayar manaja wurin wa yake zuwa neman shawarar aiki ba. Ya tambaye shi wurin wa kowanne daga cikin sauran yake zuwa, haka kuma su wa ne abokan kowanne. Kowane manaja ya cike cikakken jadawali mai layi 21 a kwance da 21 a tsaye. Idan aka cire gurbin mutum da kansa, gurbi 420 ke nan ga mutum ɗaya a kan tambaya ɗaya, 8,820 ga su duka. Zan riƙa kiran jadawalin mutum ɗaya falle. Muna da falle 21 na shawara, 21 na abota, kuma a tarin bayanan da ke zuwa da manhajar UCINET ana samunsu da sunan KRACKAD da KRACKFR.

A nan gizo ke saƙa. Zane ɗaya yana buƙatar jadawali ɗaya. Mu kuma 21 gare mu, kuma sun saɓa wa juna. Matsayin mai bincike a nan kamar na alƙali ne da shaidu 21 suka tsaya a gabansa kan magana guda: shin manaja 15 yana zuwa wurin manaja 6 neman shawara? Biyu daga cikin shaidun su ne masu lamarin, 19 'yan kallo ne, wasu ofishinsu na kusa, wasu sai a taro suke ganin mutanen. Dole alƙali ya ce ga maganar da ya ɗauka, kuma sau 420 zai yanke irin wannan hukunci kafin zane guda ya tsaya.

Hanyoyin yanke hukunci

Krackhardt ya gabatar da hanyoyi uku.

Ta farko ita ce a zari falle ɗaya a zana shi yadda yake. Wannan zanen kamfani ne a idon mutum guda. Ba shi da wahalar maimaitawa muddin an san lambar mai fallen, amma yana da halinsa da ya kamata mai karatu ya sani. Kumbasar da Romney da Batchelder sun nuna a 1994 cewa mutane kan sa kansu kusa da tsakiyar saƙa fiye da inda abokan aikinsu ke sa su. Idan ka ga mai falle ya fito a tsakiyar zanensa, kada ka yi gaggawar cewa shi ne ginshiƙin kamfani.

Ta biyu ita ce a saurari masu lamarin kaɗai, a sallami 'yan kallo. Kamar mai sauƙi, amma ƙofa huɗu gare ta. Ana iya ɗaukar maganar mai zuwa: idan 15 ya ce yana zuwa wurin 6, an zana kibiya. Ana iya ɗaukar maganar wanda ake zuwa wurinsa: sai 6 ya ce 15 na zuwa. Ana iya cewa sai dukansu biyu sun yarda. Ana iya cewa ɗaya ma ya isa.

Mu duba abin da ƙofar farko ke bayarwa, domin ita ce aka fi sani. Wasserman da Faust, a babban littafinsu na 1994 kan nazarin saƙar hulɗa, sun ɗauki abin da kowane manaja ya faɗa game da kansa kawai, kuma wannan sigar ce ta bazu a manhajoji da littattafan koyarwa. A cikinta akwai kibiya 190 na shawara cikin gurbi 420, da 102 na abota. Manaja 15 ya ce yana neman shawara wurin kowa da kowa, duka 20. Su kuwa masu cewa suna zuwa wurinsa huɗu ne kacal. Manaja 6 mutum ɗaya ya ambata. Manaja 2, ɗaya daga cikin mataimakan shugaba, mutum uku ya ambata, amma 18 suka ambace shi, ya zarce shugaban kansa da 13 suka ambata. A wajen abota manaja 17 ya lissafa abokai 18, shida ne suka lissafa shi. Shugaba bai ambaci kowa ba, uku suka ambace shi. Manaja 9 shi ma bai ambaci kowa ba, alhali shida sun ce abokinsu ne.

A tsaya a kan manaja 15, domin shi kaɗai ya isa ya sauya fuskar zane. A ƙofar farko kibiya 20 ke fita daga ɗigonsa, kuma kusan kowace manhajar da ke jera ɗige-ɗige da kanta za ta jawo shi tsakiya, tunda yana haɗe da kowa. Idan aka koma ƙa'idar sai an yarda ta ɓangare biyu, kowace kibiya daga cikin 20 ɗin sai ta jira fallen wanda ta nufa ya tabbatar da ita. Wadda ba a tabbatar ba ta faɗi. Mutum ɗaya ne, amsoshi ɗaya ne, amma wurin zamansa a zane ya dogara ga ƙa'idar da aka zaɓa. Ni a ganina ba za a ce 15 ya yi ƙarya ba, haka shi ma 6 idan ya musa. Mai yiwuwa ɗaya yana ƙirga duk tambayar da ya taɓa yi a bakin ƙofa a matsayin neman shawara, ɗayan kuma sai babbar matsala yake ƙirgawa. Takardar tambayoyi ba ta raba musu wannan ba, kuma zane ba zai raba wa mai kallo ba.

Akwai wani ruɗani a nan da nake so a kula da shi ƙwarai, domin na ga yana kayar da masu ƙoƙari. Yarda ta ɓangare biyu daban take da ramuwa. Yarda ita ce 15 ya ce yana zuwa wurin 6, shi ma 6 ya ce e, 15 yana zuwa wurina. Magana ɗaya ce, shaidu biyu, kuma kibiyar tana nan da alƙiblarta. Ramuwa ita ce 15 ya ce yana zuwa wurin 6, shi kuma 6 ya ce yana zuwa wurin 15. Magana biyu ce daban. Ana iya fitar da ramuwa daga ƙaramin jadawali mai kibiya 190, da umarni guda a kowace manhaja. Yarda kuwa ba ta fita sai da fallaye 21 cikakku, domin ra'ayin 6 game da zuwan 15 babu shi a ƙaramin jadawalin. Wanda ya sauke ƙaramar sigar daga intanet, yana neman maimaita zanen da aka gina kan yarda, ba zai taɓa kaiwa ba ko zai kwana yana gwadawa. Abin da yake nema an riga an zubar da shi kafin bayanan su iso hannunsa.

Hanya ta uku ita ce a ƙirga ƙuri'a. Kowane gurbi a duba mutum nawa cikin 21 suka ce akwai hulɗa, idan sun kai wani mizani a zana kibiya. Idan mizanin rabi ne, sai 11 sun yarda. Wannan zane yana nuna abin da kamfani ya sani game da kansa, kuma a nan amfaninsa yake. Amma a lura da abin da yake sharewa. Idan wani manaja yana kai matsalarsa wurin wani a asirce, su biyu kaɗai suka sani, ƙuri'a biyu ke nan cikin 21, hulɗar ta ɓace. Hulɗar da kowa ke zato saboda muƙami, a ce manaja na zuwa wurin shugaban sashensa, tana iya samun rinjaye ko da masu lamarin sun musa. Saboda haka zanen rinjaye na iya karkata ga tsanin muƙamai fiye da zanen masu lamari. Idan kuma aka ɗaga mizani ko aka sauke shi, kibiyoyi na raguwa ko ƙaruwa: daga ƙuri'a 1 zuwa 21, mizani 21 ne ake iya sawa.

Bayan Krackhardt an ƙara wasu hanyoyin da ke ba shaidu nauyi daban-daban gwargwadon yadda maganarsu ke dacewa da ta sauran, bisa tunanin da Romney da Weller da Batchelder suka kawo a 1986, da kuma hanyar ƙiyasi ta Carter Butts ta 2003. Suna da amfani, amma ba da su za a nemi zanen da ya girme su ba.

Kurakuran da ba sa ƙara

Ko an gano ƙa'idar, akwai kurakurai da kwamfuta ba za ta yi gargaɗi a kansu ba. Zane zai fito da kyaunsa, alhali a karkace yake.

Na farko juyewar jadawali. A al'ada layin kwance na mai zuwa ne, layin tsaye na wanda ake zuwa wurinsa. Idan aka juya su wajen karanta fayil, jimilla tana nan 190, ba abin da zai ɗaga hankali. Amma manaja 15, mai bin kowa da tambaya, ya zama wanda kowa ke bi, manaja 2 kuma ya koma mai yawon neman shawara wurin mutum 18. An kifar da labarin kamfanin gaba ɗaya. Maganin wannan ɗan bincike ne na minti ɗaya: a ƙirga kibiyoyin da ke fita daga 15, idan ba 20 ba ne a tsaya.

Na biyu ya fi ɓuya. Bayanan suna da fuska uku: mai zuwa, wanda ake zuwa wurinsa, da mai ba da shaida. A rubutun Krackhardt mai shaida ne ke zuwa ƙarshe a jerin. A ƙunshin sna na harshen R, tarin jadawaloli yana sa lambar jadawali a farko. Tunda kowace fuska 21 ce, ko ta yaya aka jera su lissafi zai tafi ba tare da tuntuɓe ba. Sai dai abin da aka ɗauka fallen manaja 7 ne, ashe tarin abin da kowa ya faɗa game da manaja 7 ne.

Akwai gwaji mai sauƙi da nake ba da shawara ga duk wanda ya fitar da ƙofofi huɗu na hanya ta biyu. Adadin kibiyoyin yarda ta ɓangare biyu ba zai wuce na maganar mai zuwa ba, wannan kuma ba zai wuce na "ɗaya ya isa" ba. Sannan idan aka tara na yarda da na "ɗaya ya isa", dole jimillar ta yi daidai da ta maganar mai zuwa haɗe da maganar wanda ake zuwa wurinsa. Wannan lissafi ne, ba ra'ayi ba. Idan bai tashi ba, akwai abin da ya juye.

Na uku shi ne waɗanda ba su amsa ba. Manajoji 21 adadi ne mara, don haka ƙuri'a ba ta yin kunnen doki. A wani kamfanin da Krackhardt ya nazarta, wanda ya sakaya sunansa da Silicon Systems a maƙalarsa ta 1990 a mujallar Administrative Science Quarterly, ma'aikata 36 ne, 33 suka cike takarda. Idan aka raba da 33, rinjaye 17 ne. Idan aka bar fallaye uku na waɗanda ba su amsa ba cike da sifili aka raba da 36, mizani ya koma 18 ga mai cewa rabi ya isa, 19 ga mai cewa sai an haura rabi. Duk gurbin da ya samu ƙuri'a 17 ko 18 makomarsa ta rataya kan wannan ƙaramar shawara. Su kuma mutum ukun, babu yadda za a samu yardarsu kan hulɗar da ta shafe su, sai marubuci ya ƙirƙiro wata ƙa'ida dominsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin sakamakon maƙalar ya dogara ne ga gwada fallen kowa da saƙar da aka ɗauka ita ce ta zahiri: waɗanda suka fi sanin saƙar shawara daidai, abokan aiki sun fi ganinsu a matsayin masu ƙarfin faɗa a ji. Idan ma'aunin "daidai" ya motsa, makin kowa ya motsa.

Wurin zaman ɗige-ɗige

Ko da jadawalin ya yi daidai gurbi da gurbi, zanen na iya bambanta, domin bayanan ba su faɗi inda kowane ɗigo zai zauna a takarda ba. Hanyoyin da manhajojin yau ke bi sun zo ne bayan maƙalar 1987: ta Kamada da Kawai a 1989, ta Fruchterman da Reingold a 1991. Irin ta biyun tana farawa ne da watsa ɗige-ɗige ta hanyar ƙuri'a, sannan ta riƙa jawo masu haɗi kusa tana ture marasa haɗi nesa. Idan ba a ɗaure lambar farawa ba, danna biyu zane biyu. Kuma ko a manhaja ɗaya, sabon fitowa na iya jera su dabam da tsoho.

Wani zai ce ai wurin zama ado ne. Krackhardt da kansa ya gwada wannan. Tare da Cathleen McGrath da Jim Blythe, a 1997, sun nuna wa mutane saƙa guda a jeri daban-daban, aka ga hukuncinsu kan wane ne fitacce da ƙungiyoyi nawa ke ciki yana sauyawa da sauyin jeri. Ido na karanta tsakiya a matsayin iko, yana karanta kusanci a matsayin ƙawance, ko lissafi bai ce haka ba.

Don haka shawarata ga mai maimaitawa ita ce ya daina kokawa da manhaja yana jiran sa'a. Ya ɗauki zanen mujalla, ya auna wurin kowane ɗigo, ya rubuta lambobin a fayil, ya ba manhaja su a matsayin wurin zama na dindindin. Ɗigo 21 ne, aikin rabin awa. Daga nan duk sigar da ya fitar, ta yarda, ta rinjaye, ta fallen wani, za ta zauna a kan shimfiɗa ɗaya, kuma bambancin kibiyoyi zai fito fili maimakon ya ɓuya cikin motsin ɗige-ɗige. Sai ya bi zanen mujalla kibiya bayan kibiya ya rubuta su a jeri, ya gwada da kowace siga. Gwajin na jeri biyu ne: nawa ke cikin duka biyun, nawa ke cikin zane babu a lissafi, nawa ke cikin lissafi babu a zane. Idan wata siga ta dace sai kibiya ɗaya ko biyu, ya rubuta su da lambobinsu ya bar su a haka. Tsohon bugu na iya ɓoye kan kibiya a ƙarƙashin wata, mai zane ma ɗan adam ne. Abin da ba na yarda da shi shi ne a riƙa murɗa mizani har sai zane ya yi kama, sannan a ce an maimaita.

Me za a rubuta a ƙarƙashin zane

Rahoton da cibiyoyin kimiyya na ƙasa na Amurka suka fitar a 2019 ya bambanta sake samun sakamako da bayanai ɗaya da lissafi ɗaya, da sake samunsa a sabon bincike da sababbin bayanai. Na farko ake magana a nan, kuma shi ne mafi sauƙi, amma ga yawan ramukan da ke cikinsa. Mafi yawansu jimla uku ko huɗu a ƙarƙashin zane za su cike su: wace tambaya aka yi, maganar wa aka ɗauka, mizani nawa kuma an raba da mutum nawa, me kan kibiya ke nufi, yaya aka jera ɗige-ɗige. Editocin mujallunmu da masu duba kundin digiri suna da ikon neman wannan, kuma ba ya cin kuɗi.

Dalilin da ya sa nake matsawa ya wuce tsabtar lissafi. Kowace kibiya magana ce a kan mutum. Idan zanen rinjaye ya haɗa manaja 9 da wani a matsayin abokai, mai kallo zai ɗauka 9 ne ya faɗa, alhali 9 bai ambaci kowa ba. Idan zanen maganar mai zuwa ya bar shugaba babu kibiyar abota ko ɗaya mai fita, wani zai karanta shi a matsayin mutumin da ba shi da kowa, alhali yana iya yiwuwa muƙaminsa ne ya hana shi nuna fifiko a takarda. Lamba kuma ba ta ɓoye kowa a ƙaramin wuri. Bayanan suna ɗauke da shekarun kowane manaja, da daɗewarsa a aiki, da matsayinsa, da sashensa. Duk ɗan kamfanin zai gane wane ne 15 cikin ɗan lokaci. Borgatti da Molina sun yi dogon bayani a 2003 da 2005 kan haɗarin da ke tattare da miƙa irin wannan zane ga shugabannin ma'aikata.

Ɗalibanmu da ke sha'awar kai wannan hanya wata ma'aikata ko asibiti ko makaranta a nan gida za su haɗu da ƙarin abu biyu. Tambayar mutum su wa ne abokan wane tana iya zama masa kamar an gayyace shi gulma da sunan bincike, kuma wanda ke jin nauyin shugabansa zai yi wuya ya rubuta kansa abokinsa ko da kullum tare suke cin abinci. Wannan zai rage kibiyoyi masu hawa sama a maganar mai zuwa, ya kuma rage na yarda fiye da haka, alhali 'yan kallo na iya cike su a zanen rinjaye. Sai kuma nauyin takardar kanta. Gurbi 420 ne ga mutum 21, 1,260 ga mutum 36, 9,900 ga mutum 100, duk a kan tambaya ɗaya. Wanda ya gaji a rabin takarda zai bar sauran fili, kuma idan ba a ware alamar "ban sani ba" dabam da ta "babu hulɗa" tun wajen tsara takardar ba, kwamfuta za ta ƙirga gajiyarsa a matsayin ƙuri'ar a'a.